Abokan Yayanka Nake Tsoro

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga autana Iliyasu. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah Ya sa motar da ta ɗauke ka daga Wudil ta sauke ka birni lafiya, Ya sa ka tarar da kawunka Shehu da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani, amin.

Bayan haka, za ka tsinci takardar nan a ƙarƙashin ƙullin dakuwa. Da hannuna na rubuta ta, da ɗan ajamin da kakanka ya koya mini a Darki, sai ka yi haƙuri da karkacewar baƙi. Na so in faɗa maka baki da baki. Na zaunar da kai don haka, amma harshena ya yi nauyi, na ɓige da yi maka zancen wanki da tashi sallar asuba. Ka karanta ta a natse, ba a gaban mutane ba.

Ka san kana da wa, ka san ya rasu a birni kana ƙarami. An ce maka faɗa ne ya rutsa da shi. Ba a yi maka ƙarya ba, amma ba a gaya maka cewa da hannuna a ciki ba. Ba zan kama sunansa ba, ka san ɗan fari ne. Yau kai ma za ka shiga garin da ya cinye shi, da shekaru kusan irin nasa, shi ya sa tun da kawunka ya aiko cewa ka zo ka koyi ɗinki ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba.

Kana goye muka koma birni. Babanku ya sami aikin rakiyar shanu: a saya a karar Wudil, a kora birni, a loda a jirgin ƙasa, shi kuma ya bi su har Ikko. Sai mu yi wata da watanni ba mu sa shi a ido ba. Ya kama mana ɗaki da 'yar rumfa a wani gidan haya cikin lungu, kusa da wani kududdufi mai koren ruwa. Matan gidan duk 'yan birni ne, ni kaɗai ce baƙuwa. In na yi magana su kwaikwayi bakina, in na yi shanya su ture mini kaya gefe. 'Yar ƙauye suke kirana, har yaransu. Na kama suyar waina, da yake ba ni da 'ya mace, yayanka ne mai kai mini talla. Yaro ne mai sanyi a lokacin, ko kaza aka ce ya riƙe a yanka sai ya kau da kai.

Wata rana da hantsi ya dawo ba faranti, riga a yage, leɓe a fashe. Yaran lungun ne suka tare shi, suka cinye wainar, suka jefa farantin cikin kududdufi, suna ce masa baƙauye. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka. Matan gidan suna tsakar gida, na ga suna ƙunshe dariya. Kunyarsu ta kama ni fiye da tausayinsa. Na ɗauki muciya na kwaɗa masa a kafaɗa, na ce, "Kai ba namiji ba ne? Kada ka sake shigo mini gidan nan da hawaye."

Bai sake ba. Har ya koma ga Allah ban ƙara ganin hawayensa ba. Ni na rufe masa ƙofar da yake kawo kukansa, ya fita neman wata.

To, Auta, birni zai gwada ka kamar yadda ya gwada shi. Za a ce maka baƙauye, za a yi wa tafiyarka dariya, wataƙila wani ya fizge maka hula a kasuwa don ya ga abin da za ka yi. Ka bar masa hular. In an doke ka, ka gaya wa kawunka. In abin ya cika maka ciki, ka aiko mini, ko ka shiga ɗaki ka yi kukanka. Ba zan ƙara ce wa ɗan da na haifa shi ba namiji ba ne.

Wanda ya buɗe masa ƙofa shi ne Audu Mai-Karnuka. Ka riƙe sunan nan. Kada ka zaci wani ƙato ne mai jajayen idanu. Gajere ne, mai taushin murya, kullum da murmushi, in ya ga dattijo har ƙasa yake durƙusawa. Yana zama a wani kango kusa da badala, ƙarƙashin durumi, da karnukan farautarsa da samarin da ke kewaye da shi. Wurin zaman nan shi suke kira daba. Audun ne ya sa aka tsamo farantina daga kududdufi, ya sa aka kamo yaran da suka yi abin, ya tsugunar da su suka ba yayanka haƙuri a gaban jama'a. Sannan ya ce masa ya gai da Inna.

Ka san abin da na yi? Na zaɓi waina masu kyau, na zuba zuma, na ce a kai masa tukwici. Da hannuna na zuba.

Daga nan ba wanda ya ƙara taɓa tallana. Yayanka ya fara daɗewa a waje. In rani ya yi suka buga ganga suka fita farauta, ya dawo mini da zomo, da zabuwa, wani lokaci cinyar gada. Ƙirjinsa ya buɗe, muryarsa ta canza, suka sa masa suna Baushe, wai don taurinsa. Sai ga sabuwar hula, sai ga takalmi, rannan sai ga turmin atamfa ya ajiye mini a bakin gado. Ni ba yarinya ba ce, na san ba a farauto atamfa a dawa. Ban tambaya ba. Na kai aka ɗinka, na ɗaura ranar suna.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne daɗin da na ji. Matan da ke ture mini shanya suka koma matsa mini wuri a bakin rijiya. Aka daina ce mini 'yar ƙauye, aka koma Innar Baushe. In na fito tsakar gida hira ta tsaya. Na ɗauka girma ne, ashe tsoro ne. Akwai wata tsohuwa mai daddawa a lungun, Goggo Dije, ta shigo har ɗaki ta ce mini ɗana ya fara bin masu tare fatake a bayan gari, in tashi tsaye tun icce yana ɗanye. Na ce mata hassada ce, don nata jikokin ba su kawo mata ko ƙashi. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita, ba ta ƙara taka ɗakina ba sai ranar gaisuwar mutuwa.

Ka lura da wannan da kyau. Ba da wuƙa suke fara zuwa ba. Da alheri suke zuwa, a daidai ranar da aka wulaƙanta ka, lokacin da kake ganin ba ka da kowa. Su rama maka, su saya maka tsire, su sa maka suna mai daɗi, su ce kai ɗan'uwa ne. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Duk wanda ya ba ka abin da ba ka yi masa aikinsa ba, ka yi godiya ka mayar. In ka ga mutane sun fara matsa maka hanya ba don furfura ba, ba don ilimi ba, ka binciki kanka. Ni ma in ka kawo mini abin da ya fi ƙarfin ɗan koyo, sai na tambaye ka inda ka samo, a gaban kowa, kada ka ji haushi.

Za ka ce ina babanku. In ya dawo daga Ikko a gajiye yake, kwanakinsa kaɗan ne, ba na so su ƙare a faɗa da duka. Sai in ɓoye atamfar, in ce yaro yana nan lafiya, yana taimako. Ni kuma da yayanka ba ma zama mu yi magana, saboda kunyar ɗan fari. Kai nake aikawa, kana ɗan tatata, in ce ka gaya wa yayanka tuwonsa na nan a rufe. Haka na ga uwata ta yi da nata, haka na yi. Ban ce al'adar banza ba ce, amma na fake a bayanta, domin ta fi mini sauƙi a kan in dube shi in tambaye shi inda ya kwana.

Wata ƙaramar salla, ana ta kiɗan 'yan tauri a bakin kasuwa, yayanka ya shigo da rana tsaka riƙe da damtse, jini yana bin yatsunsa. Sara ne, har ana hango farin ƙashi. Na dafa ruwa da gishiri na wanke masa. A ranar na san ana iya kashe mini ɗa. Tsoro ya shige ni irin wanda ban taɓa ji ba. Da tsoron nan ya kai ni ga cewa ya bari, da ya yi amfani. Sai ya kai ni wani wuri dabam. Na kwashe tasoshin aurena na sayar, na bi ta hannun wata mata aka karɓo mini maganin tauri wurin wani boka, gari a ƙullin fata da guru na ɗaurawa a ƙugu. Na dama masa a fura, na aike ka ka kai masa.

Ko maganin ya ci, ko wuƙaƙen wasansu ne ba kaifi, Allah ne masani. Abin da na gani shi ne, bayan nan sai ya riƙa ɗaga riga a gaban yara yana goga wuƙa a ciki, ana yi masa kirari. Kafin nan in ya ji an ce za a yi karo da wata unguwa yakan sami dalilin zama a gida. Ɗan tsoron da ya rage masa shi ne ke dawo mini da shi, ni kuma na saya masa abin da ya cire shi. Daga ranar ya koma sahun gaba.

Don haka kada ka sha komai, kada ka ɗaura komai da sunan ƙarfe ba zai kama ka ba, ko daga hannun wa ya fito, ko da daga nawa ne. In ka ji gangar farauta ko kiɗan tauri, kada ka je ko kallo, da kallo ake farawa. Ka riƙe tsoronka, Auta. Na san ka, ko tsawa aka yi sai ka matso kusa da mutane, har sa'o'inka suna yi maka tsiya. Ni wannan halin naka ne ke ɗan kwantar mini da rai.

Sai ranin da ya zama na ƙarshe. Suka fita farauta, su da samarin wata unguwa ta mahauta, aka kashe barewa, kowane ɓangare ya ce karensa ne ya kayar. A kan naman da bai wuce a cinye a zama ɗaya ba aka zare adduna. Aka sare wa wani yaro na can hannu daga wuyan hannu. Kowa ya san wanda ya yi saran. Yayanka ya shigo mini a guje, ƙura har gira, ya tsaya yana dubana. Na tura shi ƙarƙashin gado, na jera tukwane da buhun shinkafa a gaba. Da 'yan doka suka zo da azahar, na tsaya a bakin ƙofa na rantse musu da Allah cewa ya tafi Wudil wurin kakanninsa tun shekaranjiya. Matan gidan suna ji, ba wadda ta iya buɗe baki.

Ba su koma hannu wofi ba. Suka kama Sani, ɗan Ladi ta ɗakin da ke jikin namu, yaron da iyakarsa riƙe igiyar karnuka. Ina tsaye aka fita da shi, uwarsa tana bin su ba mayafi. Da ta dawo ba ta zage ni ba, ta dai tsaya ta dube ni. Har yau in na rufe ido ina ganin kallon nan. Alƙali ya sa aka yi wa Sani bulala, aka kai shi gidan yari.

Ga abin da nake so ka auna. Sani ya gama zamansa ya fito. Na ji labari kafinta ne yanzu, da matarsa da 'ya'yansa. Da na matsa daga bakin ƙofar nan, da yayanka ne zai sha bulalar, ya yi zaman, katangar gidan yari ta tsare mini shi har zukata su huce. Na zaci ceto na yi. Na zalunci ɗan wata, na yi rantsuwar ƙarya, kuma ban tsira da nawa ba. In ƙaddara ta sa ka yi laifi, ka tsaya a hukunta ka a wuce wurin. Kada ka yarda wani ya ɓoye ka, kada kai ma ka rantse don rufa wa aboki asiri. Wanda hukuma ta rasa, masu ramuwa ba sa rasa shi.

Yayanka ya daɗe bai fita ba. Da kwanaki suka ja, muka saki jiki, ni da shi. Wata rana bayan la'asar shinkafar waina ta yanke mini, ya ce bari ya karɓo, ban hana ba. A bakin kududdufin nan 'yan'uwan yaron suka tare shi, rana tana sama, mutane suna zaune a ƙofar gidajensu. Sun ji labarin yana da tauri, saboda haka ba wanda ya zo da ƙarfe. Gora suka zo da ita, da taɓare. Ba wanda ya raba. Shekaru yana firgita mutanen lungun, wa zai tashi? 'Yan dabarsu kuwa, masu ce masa ɗan'uwa, ko ɗaya ba a gani ba.

A kan ƙyauren wani shago aka kawo mini shi. Babu yanka ko ɗaya a jikinsa, amma duk ciki a farfashe yake. Aka ce a kai shi asibiti, na ƙi, don tsoron 'yan doka, na kira mai ɗori. Lokacin da na yarda a kai shi, ba ya ko ɗaguwa.

A kwanakin nan ne na ajiye kunya. Na zauna na ɗora kansa a cinyata, abin da rabona da yi tun yana shan nono. Ina ba shi ruwa da ludayi. Wata safiya hankalinsa ya ɗan dawo, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce, "Inna, na yi ta jira ki hana ni."

Ba da fushi ya faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani.

Ya ce, "Tun ranar da na ga abin da ake yi wa fatake na so in fita. Amma ba a fita haka kawai, sai a ce ka tsorata. Da kin ce bari ko sau ɗaya, da na sami abin faɗa musu. Sai in ce uwata ta hana. Ko Audu ba ya ja da wannan."

Kafin azahar ya cika.

To, ga shi na faɗa maka, tun ba ka taka ko'ina ba: na hana ka. Na hana ka zama a daba, na hana ka farauta, na hana ka riƙe makami, na hana ka rama wa kowa komai. Ban yafe ba in ka yi. Ka ɗauki maganar nan ka yi garkuwa da ita. Duk wanda ya ja ka, ka ce uwarka ta hana, ta ce za ta ɗaga maka nono. Su yi dariya, su ce maka ɗan Inna. Ka ɗora mini laifin duka, zan iya ɗauka.

Saura abin da ya sa na ce ka riƙe sunan mutumin nan. Ranar sadakar uku sai ga Audu Mai-Karnuka da samarinsa, sun yi layi, sun durƙusa a zaure, har da goro. Ya yi ta'aziyya da muryar nan tasa mai taushi, ya ce an yi musu rashi, kuma jinin Baushe ba zai tafi a banza ba. Kana wasa a ƙofar gida, ya kira ka, ya dafa kanka, ya juya ga yaransa ya ce, "Ku duba fuskar nan. Ai Baushe bai mutu ba." Ina bayan labule, a kunnena aka yi.

Ka tuna ɗan kwikwiyon nan mai farin goshi da ka yi ta kuka a kansa? Shi ya ba ka. Ka ɗauka mugunta ce ta sa na bar shi a tashar mota, ka yi kwanaki ba ka yi mini magana. Ban jira babanku ya dawo ba, ban jira arba'in ba. Na ɗaure abin da zan iya ɗauka, na kama hannunka, muka hau motar Wudil. Babanku ya dawo ya tarar da ɗaki a buɗe, ya biyo mu. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ce Allah Ya ji ƙansa. Ya bar rakiyar shanu, ya koma gonarsa ta Ɗankaza, kuma kai shaida ne, har ya rasu ba mai yawan dariya ba ne. Da ba haka yake ba.

Audu yana nan da ransa. Direbobin da ke cin waina a wurina ranar kasuwa suna hirarsa. Sun ce ya daina zama a kango, babbar riga yake sawa, ana ɗaukarsa a mota. Masu siyasar nan da ake yi yanzu sun gano amfaninsa. In za a yi lacca shi ke tara samari, a ba su riguna da sulalla, su shiga gaba da sanduna. 'Yan banga ake ce musu. An ce kowane ɓangare da nasa. Ni ban san siyasa ba, ban san mai gaskiya a cikinsu ba, amma na san ɗan wa ake sawa a gaba in an fara jifa, ba ɗan mai lacca ba ne.

Kai kuwa kamanninku ɗaya da yayanka. Goshin, wushiryar, har yadda kake karkata kafaɗa in kana tafiya. Bara wani dillalin shanu daga birni yana cin waina a rumfata, ka zo kawo mini itace, na ga ya tsaya da loma a hannu yana binka da kallo har ka ɓace. Ranar ban iya ƙarasa suya ba.

Ba maƙiyansa ne suka fi ba ni tsoro ba. Su sun rama, sun huce, wataƙila ma suna nadama. Abokansa nake tsoro. Su ne za su gan ka su rungume ka, su ce ƙanin Baushe ne, su ba ka labarin jarumtakarsa har ka ji ƙirjinka yana cika. Za su nuna maka waɗanda suka kashe shi, su ce ga su can suna yawo, kai kana zaune kana taka keken ɗinki. Ka ce Allah Ya ji ƙansa, ka wuce. Babu wani jini da ake binka ka karɓo. Akwai wani mutum a birnin nan mai hannu ɗaya, an ce goro yake sayarwa, tun yana saurayi yake a haka saboda ɗana. In ana maganar hakki, mu ne za mu sunkuyar da kai. Ni na yafe, ina roƙon Allah Ya sa shi ma ya yafe.

Kada ka shiga unguwar nan, ko da an aike ka kai ɗinki. Ka gaya wa kawunka ni na ce, ya san rabin labarin, zai gane. Na san zuciyarka za ta so ganin kabarin yayanka. Ka yi masa addu'a daga inda kake, tana isa. Tsakaninka da gari shago, masallaci, gida. In an tashi daga aiki yara suka ce a je silima ko kallon dambe, ka tambayi kawunka, in ya ce a'a, shi ke nan. In ka ji hayaniya a gabas, ka yi yamma, kada ka tsaya tambayar abin da ya faru.

Na yi tunanin in hana ka tafiyar gaba ɗaya. Na je har Kausani wurin gwaggonka da niyyar ta taya ni, ta ce gonar ba za ta riƙe ka ba, kuma Allah Ya ba ka hannun ɗinki, in na ɗaure ka a gindina wani zaluncin ne. Gaskiya ta faɗa. Na sake ka, amma Allah Ya sani, kamar na saki ɗan tsako ne a filin da na san akwai shaho.

Abu na ƙarshe. In ka ga sun gane ka, in ka ga mutum ɗaya ya fara yawan zuwa shago ba da ɗinki ba, ko an aiko maka da kyauta ba ka san dalili ba, kada ka tsaya nuna kai namiji ne, kada ka tsaya haɗa kaya. Ka nufi tasha ka hau motar Wudil, ko ba ko ahu a aljihunka. Ka ce wa direba kai ɗan mai waina ne ta bakin kara, duk sun san ni. Mutane za su ce ɗan wance ya kasa zaman birni, ya gudo. Su faɗa. Ni zan shimfiɗa maka tabarma, in ɗora ruwa, in fita in gaya wa duk garin cewa ɗana ya dawo da ƙafafunsa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gama koyo lafiya, Ya ba ka halal ɗinka komai ƙanƙantarsa. Allah Ya makantar da idon mugu daga gare ka, Ya haɗa ka da abokan da za su tuna maka salla. Ya ji ƙan babanku da yayanka, ni kuma Ya yafe mini. Ka gai da kawunka da mutanen gidansa. Na ba Allah ajiyarka, Shi ajiyarSa ba ta ɓata. Allah Ya sa kai za ka binne ni, Auta, ba ni zan ƙara binne wani ba. Amin.

Ni ce innarka.